Yadda Ake Ba da Shaidar Almasihu a Gida, Kasuwa da Wurin Aiki: Jagora ga Masu Bi a Gombe

Duk lokacin da aka gama makon bishara ko taron farkawa, tambaya ɗaya ce take dawowa daga bakin masu bi, matasa da dattawa, mata zumunta da 'yan sabon rai: "Mun ji cewa aikin kowa ne, to amma ta ina ake farawa?" Mai rumfa a Babbar Kasuwa yana so ya san abin da zai ce wa maƙwabcinsa. Ɗaliba a Jami'ar Jihar Gombe tana da abokiyar ɗaki mai yawan tambaya. Uwa a Billiri tana da ɗa da aka yi wa baftisma, amma ya fi shekara bai taka coci ba. Domin irin waɗannan muka rubuta wannan bayani. Ba wa'azin fili da lasifika muke nufi ba, wannan ikilisiya ce take shirya shi da sanin hukuma. Muna maganar hira ce tsakanin mutum biyu da suka san juna. Matakan a jere suke, kuma jerin yana da dalili: yawancin ɓarnar da ake gani tana faruwa ne idan mutum ya tsallake biyar na farko ya faɗa na shida.

1. Gyara abin da aka riga aka sani a kanka

Tun kafin ka buɗe baki, unguwa ta san halinka. Masu sayen hatsi a Tudun Hatsi sun san wanda gindin mudunsa ya lotsa. Mai shago ya san wanda ya ci bashin sukari da sabulu tun watan jiya, ya kuma koma bin wani lungu don kada su haɗu. Idan kai tela ne, ka karɓi ɗinkin Sallah fiye da ƙarfinka, har mutum ya zo daren jajibiri ya tarar da yadinsa a ninke ko almakashi bai taɓa shi ba, to ka toshe kunnensa daga duk abin da za ka faɗa game da Allah mai cika alkawari.

Saboda haka ka zauna da takarda ka rubuta abu uku: wa yake bin ka bashi, wa ka yi wa alkawari ba ka cika ba, da wa kuma ba kwa ga maciji. Biya abin da za ka iya biya. Wanda ya fi ƙarfinka, ka je da ƙafarka ka faɗi ranar da za ka kawo. Wanda ka ɓata wa rai, ka nemi gafararsa ba tare da kawo hujja ba. Matiyu 5:23-24 ya sa sulhu da ɗan'uwa gaba da kai baiko, balle kai bishara.

Gargaɗi: kada wannan mataki ya zama wurin fakewa. Akwai masu cewa sai sun gyaru sarai tukuna, shekara goma kuma suna nan. Mako biyu ko uku sun isa a fara gyaran, sauran a ci gaba da shi ana tafiya.

2. Zaɓi mutum uku

Kada ka ce duk garin Gombe za ka kai wa. Zaɓi mutum uku da kake gani aƙalla sau ɗaya a mako. A ganinmu jerin da ya fi dacewa shi ne: na cikin gidanka tukuna, sai mai sunan Kirista da ya ja da baya, sannan maƙwabci ko abokin aiki da ba ya bin Almasihu. Abin takaici ne a ga mutum yana ɗokin zuwa ƙauye mai nisa alhali ƙaninsa yana kwana gidan burkutu, ko ƙwaya ta fara cin ɗan yayarsa, ba wanda ya taɓa zama da shi a hankali.

Ka riƙa yi musu addu'a da suna kullum, ko da minti biyar ne bayan addu'ar safe. Ka sami mai bi ɗaya da ka amince da shi, namiji ga namiji, mace ga mace, ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako kuna yin addu'ar tare. Biyu-biyu Yesu ya aiki almajiransa a Luka 10.

Gargaɗi: idan za ka rubuta sunayen, harafin farko kawai ka sa. Kada ka karanta sunan kowa a taron addu'a na ranar Laraba, musamman wanda ba Kirista ba. Magana takan fita, idan kuma ta koma kunnen mai sunan ko danginsa, zai ga kamar farautarsa kake yi, amana ta tafi ke nan.

3. Tanadi kayan aiki

Kayan ba su da yawa. Na farko, Littafi Mai Tsarki a harshen da mai sauraronka ya fi ji a zuciyarsa, ba wanda kai ka fi so ba. A cikin gari Hausa ce ga yawanci. Tsohuwa a Kaltungo kuwa za ta fi jin daɗin Tangale, kuma akwai Sabon Alkawari da Tangale, akwai da Fulatanci. Tambayi fastonka abin da ake da shi a yarenku. Ka lura cewa fassarorin Hausa sun ɗan bambanta a sunayen littattafai: wata tana cewa Yahaya, wata Yohanna. Duba wadda ke hannun mutumin kafin ka tura shi neman aya, kada ya yi ta lalube.

Na biyu, ƙaramin littafin Luka ko Markus shi kaɗai, wanda zai shiga aljihu. Ya fi cikakken Littafi araha, ya kuma fi sauƙin farawa. Wanda aka miƙa wa littattafai 66 a lokaci ɗaya yakan fara daga Farawa, ya kai Littafin Firistoci ya ajiye.

Na uku, waya. Manhajar YouVersion tana da Hausa, Bible.is kuma tana da karatun murya, wanda ke da amfani ƙwarai ga wanda bai iya karatu ba. Sauke surorin tun kana da data domin su yi aiki ko babu sabis, ko ka sa su a memori.

Game da kuɗi: farashin littattafai yana canzawa, don haka ka tambaya a kantin littattafan Kirista kafin ka yi wa kowa alkawari. Idan kwamitin bishara na ikilisiyarku ya saya da katan, ya fi sauƙi a kan kowa ya sayi ɗaiɗai. Abin da mutum ɗaya yake bukata a wata bai wuce kuɗin ƙaramin littafi ɗaya, kuɗin keke zuwa da dawowa sau uku ko huɗu, da katin waya ba. Wanda ba shi da ko wannan ma ba a bar shi a baya ba, domin mataki na 4 ba ya cin ko sisi.

Gargaɗi: littafin da za ka fita da shi ya zama mai tsabta, ba wanda ka cika da jan layi da takardun baiko ba. Kada ka ajiye shi a ƙasa ko a ƙarƙashin kujera, ka kuma miƙa shi da hannun dama. Maƙwabtanmu Musulmi suna girmama littafin addini sosai, yadda ka riƙe naka shi zai nuna musu darajarsa a wurinka. Takardun bishara kuwa, ka karanta kowace daga farko har ƙarshe kafin ka ɗauka. Wadda ta taɓa wani addini ko annabinsa, bar ta. Ba a jefa takarda ta ƙarƙashin ƙofar mutane, ba a barin ta a kujerar keke, ba a kuma raba ta kusa da masallaci.

4. Shirya abin da za ka faɗa

Abu uku ake shiryawa, kuma a gida ake shirya su.

Na farko shaidarka, cikin minti uku. Raba ta kashi uku kamar yadda Bulus ya yi a gaban sarki a Ayyukan Manzanni 26: yadda kake a dā, yadda ka sadu da Almasihu, da abin da ya canja. Rubuta ta, ka karanta da ƙarfi kana duba agogon waya. Idan ta wuce minti uku, kashi na farko za ka rage, domin a nan mutane suka fi daɗewa, har labarin zunubin ya fi na Mai Ceto armashi. Ka faɗi abu takamaimai. "Rayuwata ta canja" ba ta nuna wa kowa komai. "Shekara biyu ba na gaisawa da kishiyar mahaifiyata, yanzu ni nake kai ta asibiti" magana ce da mutum zai iya gani da idonsa. Wanda aka haifa a gidan masu bi kada ya ƙirƙiro tarihin fashi ko maye don shaidarsa ta yi nauyi. Ya faɗi lokacin da bangaskiyar iyayensa ta zama tasa, ya isa.

Ka tace kalmomin cikin coci. "An wanke ni da jinin Ɗan Rago", "na sami shafewa", "an maya haihuwata": mu mun san ma'anarsu, amma direban da kuke lodi tare a Tashar Dukku bai sani ba, wata ma za ta ba shi tsoro. Ka ce Allah ya gafarta maka saboda mutuwar Yesu, ya kuma ba ka sabuwar zuciya.

Na biyu saƙon kansa, a gaɓa huɗu da ayoyinsu. Allah ɗaya ne, shi ya halicce mu domin mu zauna da shi (Farawa 1:27). Dukanmu mun yi zunubi, sakamakonsa kuwa mutuwa ne (Romawa 3:23 da 6:23). Almasihu ya mutu domin zunubanmu, aka binne shi, ya tashi a rana ta uku (Romawa 5:8, 1 Korintiyawa 15:3-4). Ceto kyauta ne da ake karɓa ta tuba da bangaskiya, ba ladan aiki ba (Afisawa 2:8-9, Romawa 10:9). Haddace aya ɗaya a mako, cikin wata biyu ka gama. Ka karanta surar da kowace aya take ciki, saboda mai tambaya zai iya cewa a karanta abin da ke gaba da ita.

Na uku labarai. Mutanenmu sun fi riƙe labari a kan jerin ayoyi. Koyi huɗu har ka iya ba da su ba littafi a hannu: ɗan da ya ɓata ya dawo (Luka 15:11-32), Basamariye mai tausayi (Luka 10:25-37), shanyayyen da aka zura ta rufin ɗaki (Markus 2:1-12), da tsawata wa hadari a teku (Markus 4:35-41). Kada ka ƙara gishiri, kada ka rage. Gwada su a gaban yaranka da dare, su za su nuna maka inda labarin ya yi sanyi.

Gargaɗi: kada ka yi alkawarin da Almasihu bai yi ba. Wanda aka ce masa idan ya bi Yesu zai sami aiki, ko miji, ko haihuwa, ko ciwonsa zai tafi nan take, ranar da abin bai samu ba zai tafi da ɗaci, kuma dawo da shi ya fi kawo shi wuya.

5. Zauna da mutane, ka saurara

Wannan matakin ne ya fi kowane tsawo, wani lokaci watanni. Ka zama mutumin da ake gani a suna, a ɗaurin aure, a zaman makoki, a dubiya. Gaisuwa cikakkiya: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya mai jiki. Idan an yi rasuwa a maƙwabta, ka je ka zauna a tabarma ka ce "Ya haƙuri", ka yi shiru. Wurin ta'aziyya ba wurin wa'azi ba ne. Idan an aiko maka da naman Sallah, ka yi godiya yadda ya kamata. Da Kirsimeti kuma ka aika da naka, kamar yadda gidaje da yawa a nan suka saba: a kira maƙwabci Musulmi ya yanka dabbar domin kowa ya ci da kwanciyar rai, a kuma dafa a tukunyar da ba ta taɓa abin da addininsa ya hana ba.

A hira, ka fi yawan tambaya da sauraro. Me ke hana shi barci? Kuɗin makaranta ne, ko tsoron sammu, ko rigimar gado, ko ɗa da ya lalace? Wanda tsoron maita ya dame shi, labarin ikon Yesu ne zai taɓa shi. Wanda laifi ke ci a zuciya, labarin uban da ya rungumi ɗansa. Idan ba ka saurara ba, amsar tambayar da ba a yi ba za ka bayar.

Gargaɗi: abotar ta zama ta gaskiya. Idan a ranka ka san za ka daina gaishe shi ranar da ya ce ba ya so, to ba abota kake yi ba, kuma zai gane. Sannan namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace. Gidan da aka rubuta "ba shiga", zaure ne iyakar namiji. Saurayi ba ya keɓewa da budurwa ko matar aure da sunan bishara, ko a fili ko a waya. Idan mace ta yi maka tambaya, ka haɗa ta da matarka ko wata dattijuwa cikin mata zumunta.

6. Nemi izini kafin ka shiga magana

Dama takan zo da kanta: rashin lafiya, asara a kasuwa, ko tambaya irin su "Wai me kuke yi ne a Ista?" Idan ta zo, kada ka yi caraf. Nemi izini da kalmomi masu sauƙi, da girmamawar da ta dace da shekarun mutumin:

"Baba, abin nan da ka faɗa ya tuna mini da wani labari da Yesu ya bayar. Ka yarda in faɗa maka?"

"Goggo, mu a wurinmu cikin sunan Yesu muke addu'a. Kin yarda in yi wa yaron nan?"

"Malam, tunda ka tambaya, in gaya maka abin da ni na gaskata?"

Idan aka ce a'a, ka ce "To, ba komai, Allah ya ba da lafiya", ka ci gaba da hirar da kuke yi ba tare da canja fuska ba. Idan aka ce i, abu ɗaya za ka bayar: labari ɗaya, ko shaidarka, ko addu'a. Ba duka uku ba. Bayan labari ka tambaya, "Me ka gani a ciki?" ka bar shi ya yi magana. Addu'a kuma kada ta wuce minti ɗaya ko biyu, da murya ƙasa-ƙasa, ba ihu, ba ɗora hannu a kan kowa sai ya yarda. Ka tsaya tun yana son ƙari. 1 Bitrus 3:15 ya ce mu zauna a shirye mu ba da amsa ga mai tambayar dalilin begenmu, ya kuma haɗa da sharaɗin tawali'u da ladabi.

Gargaɗi kan lokaci: da an kira salla ka dakata, ka ce "Je ka yi salla, ma ci gaba." Da azumi, yamma kafin shan ruwa ba lokacin doguwar magana ba ne. Mai ciniki a gabansa ma a bar shi ya sallami mai saye.

Gargaɗi kan wurin aiki: lokacin aiki na wanda ke biyan ka albashi ne, ka bari sai an tashi ko lokacin hutu. Idan kana da iko a kan mutum, kai ne ubangidansa a shago, ko malaminsa, ko ma'aikaciyar jinyar da ke ba shi magani, to "i" ɗinsa ba lallai daga zuciya ta fito ba. Jira shi ya tambaya. A asibiti, ko na Koyarwa na Tarayya ne ko na Ƙwararru, ka bi lokacin dubiya, ka gaida ma'aikatan ɗakin, kada ka bi gado-gado ba a kira ka ba, kuma har abada kada ka ce wa majinyaci ya bar magani.

Gargaɗi kan yara: wanda bai kai shekara 18 ba, sai da sanin iyayensa. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, har da canja shi da yaɗa shi, amma wannan sashen dai ya hana a tilasta wa ɗalibi koyarwar addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Kada ka ja ɗan maƙwabci zuwa makarantar Lahadi da alewa.

7. Amsa tambayoyi masu wuya

Ka'idar farko: ka faɗi abin da ka gaskata, kada ka taɓa abin da shi ya gaskata. Ta biyu: ba a yin wannan magana a majalisa. Da ka ga mutane sun fara taruwa, hira ta koma gasa, kowa kuma yana kare mutuncinsa a gaban jama'a. Ka ce, "Wannan magana babba ce, mu same ta mu biyu a natse." 2 Timoti 2:24 ya ce bawan Ubangiji ba mai husuma ba ne.

"Alloli uku kuke bauta wa?" Ka fara da inda Yesu ya fara a Markus 12:29, inda ya maimaita cewa Ubangiji Allahnmu ɗaya ne. Sannan ka bayyana cewa Allah ɗayan nan ya bayyana kansa Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma Maryamu ba ta cikin wannan, domin da yawa haka suka ɗauka. Ka guji kwatanta wannan da ƙwai ko da ruwa da ƙanƙara, irin waɗannan misalan suna jawo ruɗani fiye da wanda suke warwarewa.

"Ta yaya Allah zai haifi ɗa?" Yawanci mai tambayar yana tunanin aure da haihuwa irin ta mutane ne. Ka gaya masa a fili cewa wannan tunanin mu ma saɓo ne a wurinmu, ba Kiristan da ya gaskata haka. Buɗe Luka 1:26-35 ku karanta tare, sannan Yohanna 1:1-14, inda aka kira shi Kalman da yake tare da Allah tun fil'azal.

"An canja Linjila." Kada ka fusata. Tambaye shi ko ya taɓa karanta ta da kansa, ka ce idan yana so za ku karanta Luka tare ya nuna maka inda ya tsaya masa.

"Me za ka ce game da Annabinmu?" A nan ne ake bukatar hankali fiye da ko'ina. Amsa ɗaya ce: "Ni mai bin Yesu ne, abin da na sani game da shi ne zan iya gaya maka. Na san matsayin Annabinku a zuciyarka, ba kuwa zan faɗi abin da zai ɓata maka rai ba." Ko an matsa, ko da wasa ne, kada ka wuce nan. Kada kuma ka riƙa jawo ayoyin Alƙur'ani da ka tsinta a wani bidiyo, ba fagenka ba ne. Dokar Penal Code ta Arewa ta tanadi hukunci ga cin mutuncin addini a bainar jama'a, amma tun kafin doka, ƙauna ce ta hana: ba ka zagin abin da maƙwabcinka yake girmamawa sannan ka ce alheri ka kawo masa.

Mai sunan Kirista da ya ja da baya kuwa, tambayoyinsa daban ne. Zai ce coci kuɗi kawai take so, ko wani dattijo ya ci masa mutunci, ko an hore shi an manta da shi. Kada ka yi saurin kare ikilisiya. Sau da yawa yana da gaskiya a wani ɓangare. Saurara har ya gama, ka yarda da abin da yake gaskiya, sannan ka mai da maganar kan Almasihu. Idan akwai sulhun da ya kamata a yi, ka nemi izininsa kafin ka kai wa fasto.

Tambayar da ba ka san amsarta ba, ka ce "Ban sani ba, amma zan tambayo." Ka tambayo ɗin, ka dawo da amsa cikin mako.

8. Waya da WhatsApp

Magana zarar bunu ce, ta waya kuma ta fi, domin tana zama a rubuce ana kuma tura ta gaba. Kisan da aka yi wa wata ɗaliba a Sakkwato a watan Mayun 2022, da tarzomar da ta biyo baya a Warji ta jihar Bauchi, duk daga saƙon WhatsApp suka taso. Don haka kada ka tura saƙon addini a zauren aji, na ofis ko na unguwa inda addinai suka haɗu. Kada ka tura bidiyon muhawara ko na wani mai wa'azi da ke ambaton wani addini, ko da ba kai ka yi shi ba. Kada ka shiga cacar baki a Facebook. Aya ko karatun murya, ga mutum ɗaya ake tura shi, wanda ya ce yana so, bayan ka tambaye shi ko wani yana taɓa wayarsa. A gidaje da yawa waya ɗaya ce tsakanin miji, mata da yara.

9. Idan ya ce yana so ya bi Almasihu

Kada murna ta sa ka gaggawa. Ka ce ya faɗa maka da bakinsa abin da ya fahimta: wane ne Yesu, me ya sa ya mutu, me ake nufi da tuba. Idan amsar ta nuna yana neman taimakon kuɗi ne ko yana jin kunyarka, ka ci gaba da karatu da shi, lokaci bai yi ba. Ka gaya masa gaskiyar abin da zai iya biyo baya, a gida da wurin sana'a. Yesu da kansa ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi (Luka 14:28). Idan ya tsaya a kan maganarsa, ya yi addu'a da kalmominsa: ya furta zunubinsa, ya nemi gafara, ya miƙa kansa. Maimaita addu'a a bayanka ba laifi ba ne, amma ba ita ce ceton ba.

Daga nan, da izininsa, ka sanar da fasto ɗaya ko dattijo ɗaya mai riƙe sirri. Baftisma aikin ikilisiya ne, da ajinta da lokacinta, ba naka ba.

Gargaɗi: ba hoto, ba sanarwa a sujada, ba tsayar da shi gaban jama'a ya ba da shaida. Shi ne zai zaɓi wanda zai gaya wa da ranar da zai faɗa. Kada ka zuga shi ya bar gida, ko ya raina iyayensa, ko ya canja suna da sutura. Ya kamata ma gidansu su ga ya fi dā ladabi da taimako. Idan akwai barazana ga ransa, ko matar aure ce, ko yaro ne, maganar ta fi ƙarfin mutum ɗaya: shugabannin ikilisiya ne za su duba ta bisa doka. Kada ka ɓoye kowa a ɗakinka da shawarar kanka.

Gargaɗi kan kuɗi: taimako daban, bishara daban. Idan za ka ba mai yunwa mudun masara, ka ba shi ko ya saurare ka ko bai saurara ba, kada kuma ka haɗa kyautar da gayyata zuwa coci a zama ɗaya.

10. Bibiya ta mako takwas

A nan aka fi sakaci. Ku sa rana ɗaya a mako, minti 30 zuwa 45, a wurin da hankalinsa zai kwanta. Markus sura 16 ne, sura biyu a mako sun kai ku mako takwas. Kowane zama ku karanta ko ku saurara, sannan tambaya huɗu: me wannan ya nuna game da Allah, me ya nuna game da mutum, me zan yi a makon nan, wa zan gaya wa idan babu haɗari. Koya masa addu'a daga Matiyu 6:9-13. Wajen mako na uku ko na huɗu ka haɗa shi da wasu masu bi biyu, don kada bangaskiyarsa ta rataya a wuyanka kai kaɗai, ranar da aka yi maka canjin wurin aiki zuwa Bajoga ko Kumo ya rasa kowa. Wanda ya dawo daga ja da baya, ka biya masa ranar Lahadi ku tafi tare ku zauna benci ɗaya, domin shiga ƙofar coci bayan dogon lokaci yana da nauyi. Mai fama da ƙwaya ko giya yana bukatar asibiti tare da addu'a, ka raka shi.

Idan bai zo zama ba, ka kira sau ɗaya ka gaishe shi, ba da tuhuma ba. Idan ya ɓace mako biyu, ka je da kanka.

11. Idan ya ce a'a

Ka karɓa da mutunci. Ka ce, "Na gode da ka saurare ni. Duk ranar da kake da tambaya, ina nan." Kada ka sake tayar da maganar sai shi ya tayar, kada ka aiko masa da wani ya gwada, kada kuma ka ba da labarinsa a coci a matsayin mai taurin zuciya. Bulus ya ce shi ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, amma Allah ne ya sa girma (1 Korintiyawa 3:6), kuma ba kowane mai shuka ne yake ganin kaka ba. Sunansa ya ci gaba da zama cikin addu'arka. Gobe da safe ka gaishe shi kamar kullum, ranar sunan ɗansa kuma ka je da wuri ka taya shi shimfiɗa tabarmi.